Daga Awartaki zuwa Mutum-mutumi: Taƙaitaccen Tarihin Aikin Haƙori

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san ba ƙaramin abu ba ne. A zamanin kakanninmu, idan ciwon ya yi tsanani, sai a nemi wanzami ya cire shi da awartaki, ana danne da mai ciwon. A Turai ma haka abin yake, har sai da Pierre Fauchard na Faransa ya wallafa littafinsa a 1728, wanda ya mayar da aikin haƙori ilimi mai tsari.

Matsala ta farko da aka shawo kanta ita ce zafi. A 1844 Horace Wells, likitan haƙori a Amurka, ya shaƙi iskar gas mai sa dariya aka cire masa haƙori bai ji komai ba. Ta biyu ita ce gani. Bayan Röntgen ya gano hoton ƙashi a 1895, Otto Walkhoff na Jamus ya ɗauki hoton haƙoransa a 1896. Hakan ya ba likita damar ganin saiwar haƙori, ya cire jijiyar da ta ruɓe, ya cike ramin, ya bar haƙorin a mazauninsa. A 1965 kuma Brånemark na Suwidin ya dasa wa mutum na farko saiwa ta ƙarfen titaniyam a muƙamuƙi.

Abin da ya rage shi ne hannu, domin kuskure kaɗan wajen huda ƙashi yana iya taɓa jijiya. A 2016 hukumar FDA ta Amurka ta amince da na'urar Yomi, wadda ke riƙe hannun likita a kan hanyar da aka tsara a kwamfuta, ta hana shi kaucewa. A 2017, a birnin Xi'an na ƙasar Sin, mutum-mutumi ya dasa wa wata mata haƙora biyu da kansa, likitoci suna tsaye suna lura.

Sai dai duk wannan ci gaba bai sauya abu guda ba: na'ura ba ta ceton haƙorin da aka bari ya mutu. Yawancinmu yanzu furfura ta fito. Wanda ya ji tsami ko zogi, ya je asibiti tun da wuri, kada ya jira kumburi. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.