Ranar da Aka Kira Sanatoci da Sunansu

Shekara 16 Kabiru Ibrahim Gaya ya yi yana wakiltar Kano ta Kudu a Majalisar Dattawa, kuma Wudil tamu tana cikin ƙananan hukumomi 16 da suka tura shi. Kafin nan ya yi gwamnan Kano a jam'iyyar NRC daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993, lokacin da Abacha ya sallami gwamnonin farar hula. Ya shiga majalisa a 2007 a ANPP, ya maimaita a 2011, sannan a 2015 da 2019 a APC. A 2023 Kawu Sumaila na NNPP ya kayar da shi.

Duk tsawon wannan zama, al'adar majalisar ita ce ƙuri'ar murya. Shugaba ya tambaya, a amsa da ƙarfi, ya buga guduma. Ba a rubuta ɓangaren da kowa ya bi, balle a san wanda ya sulale kafin a yanke hukunci.

Ranar 15 ga Yulin 2021 ta fita daban. Ana muhawara kan ƙudirin dokar zaɓe, kwamitin da Gaya ke shugabanta ya kawo shawarar a bar INEC ta tura sakamako ta na'ura inda hakan zai yiwu. Sanata Sabi Abdullahi na Neja ya kawo gyara: sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar akwai sabis, majalisa kuma ta amince. Jagoran marasa rinjaye, Enyinnaya Abaribe, ya ƙi yarda da murya, ya nemi a kira kowa da sunansa. Sanatoci 52 suka bi gyaran, 28 suka ƙi, 28 kuma ba sa zauren. Gaya yana nan, kuma ya bi 52 ɗin, wato ya saɓa wa rahoton kwamitinsa.

Da sunaye suka bazu a wayoyi, jama'a suka yi ca. A Oktoba majalisar ta janye gyaran, Buhari ya sa hannu a dokar ranar 25 ga Fabrairun 2022.

Ko mun yarda da zaɓinsa ko ba mu yarda ba, a ranar mun sami abin da za mu tambaye shi a kai. Mu da ke rubuta manhaja mun san adana wannan bayani ba wani aiki ba ne: suna 109, kowanne da amsarsa, ko alamar bai zo ba. Idan masu neman kujera suka shigo kasuwar Wudil ranar Juma'a, sai mu tambaye su ko za su yarda a riƙa rubutawa.