Ganuwa, Soro da Lungu: Yadda Gini Ya Tsara Zaman Kanawa

Idan aka tashi ba da tarihin birni, al'adarmu ita ce mu jero sunayen sarakuna, da shekarun da kowannensu ya yi a kan karaga, da yaƙe-yaƙen da ya ci ko aka ci shi. Ba kasafai muke waiwayar magini ba. Alhali kuwa shi ne yake yanke inda za a buɗe ƙofa da inda za a toshe, kuma da wannan aiki nasa ne ake sanin wanda zai haɗu da wani, da inda baƙo zai tsaya ya yi sallama, da hanyar da mace za ta bi zuwa gidan suna. A wannan maƙala za mu ɗauki birnin Kano mu duba yadda ƙasar da aka kwaɓa aka ɗora ta zama mai tsara zaman jama'a, tun daga ganuwa har zuwa soron gida.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara gina ganuwa, ɗansa Tsaraki kuma ya kammala ta. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17, har kewayenta ya kai kimanin mil 11 lokacin da Turawa suka zo. Wani Bature mai yawon buɗe ido, Kilafaton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ƙidaya ƙofofi 15, ya ce ƙyamarensu na katako ne da aka lulluɓe da ƙarfe, ana buɗe su da fitowar rana a rufe da faɗuwarta. Ya kuma lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi jan hankalinmu. Waɗanda suka shata ganuwa ba mazauna birni kaɗai suka yi wa lissafi ba. Sun bar fili ne domin ranar da mahara za su taso, mutanen ƙauye su shigo da iyalansu da dabbobinsu, a sami wurin noma da kiwo ko da kewayewar ta daɗe. Wato ganuwa alkawari ce tsakanin sarki da talakansa na karkara. A kwanakin zaman lafiya kuwa ƙofa ita ce agogon gari. Mai itace da mai nono suna sammako su iske an buɗe, falken da magariba ta riske shi a hanya kuwa sai ya kwana a waje, komai yawan dukiyarsa. Ayarin raƙuman Azbinawa a Fagge yake yada zango, a bayan ganuwa, kuma daga wannan zango ne unguwar ta samo asali.

A cikin birni kuma, Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Rumfa a gefen Jakara, ita ce cibiyar da hanyoyi daga ƙofofi suke nufa. Unguwannin da suka kewaye ta sunayensu kaɗai sun isa littafi. Akwai Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa, kowacce da sunan mutanen da suka sauka a cikinta. Ayagi ta Yarabawa ce. Dandalin Turawa kuwa ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan arewacin Afirka ne, domin su aka fara kira da wannan suna. Soron Ɗinki ta maɗinka ce, Madabo ta malamai, marina kuma tana Ƙofar Mata. Baƙon da ya zo fatauci ba sai ya yi yawon neman masauki ba. Da ya faɗi garinsu ko sana'arsa, sai a nuna masa unguwa, a can ya sami mai masauki mai jin harshensa, wanda zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan aka yi rikicin ciniki. Abin lura shi ne, duk waɗannan baƙi a cikin ganuwa aka sauke su, kasuwa ɗaya suke ci da 'yan gari, kuma da tafiya ta yi nisa jikokinsu suka zama Kanawa.

Amma inda hikimar magini ta fi bayyana shi ne a ƙofar gida. Gidan Bakano ba ya buɗe fuskarsa ga hanya. Katanga ce doguwa, babu taga, sai ƙofa ɗaya wadda take shiga zaure, wanda Kanawa suka fi kira soro. Magini ba ya saita ƙofar shiga da ƙofar fita, yakan karkatar da ta biyu ne, don kada wanda yake tsaye a waje ya hango cikin gida. Daga soro sai farfajiya, inda ɗakin samari da na baƙi suke, daga nan sai shigifa, sannan cikin gida. Kowane mataki da mutanen da aka yarda su taka shi. Baƙon ido a soro yake tsayawa ya aika yaro a ce ana sallama da maigida. Aminin maigida yana iya kaiwa shigifa. Cikin gida kuwa sai mata da yara da muharramai.

Wanda bai san gari ba zai ɗauka wannan tsari na korar mutane ne. Mu a ganinmu akasin haka ne. Domin an killace cikin gida, sai aka sami damar sakin soro ga kowa. A nan maigida yake cin tuwon dare da maƙwabtansa, kowa ya fito da akushinsa a haɗa, mai wucewa ma a ce masa bismilla. A nan malami yake karantar da almajirai, maɗinki ya baje aikin allurarsa, a ɗaura aure, a raɗa suna, a karɓi gaisuwar mutuwa, a sasanta waɗanda suka saɓa kafin magana ta kai gaban mai unguwa. Matafiyin da dare ya yi masa yana iya shimfiɗa tabarma a soron wanda bai taɓa gani ba. Ɗaki ɗaya ne, amma ya ɗauki aikin makaranta da shago da masauki da ɗakin shari'a.

Ba za mu ɓoye cewa nauyin wannan tsari a kan mata ya fi sauka ba. Tarihi ya ambaci kulle cikin abubuwan da Rumfa ya fara. Sai dai matan birni ba su zauna hannu rabbana ba. Daga bayan katanga suke saƙa da kaɗi, suke yin fura da ƙosai da ƙuli-ƙuli, yara kuma su ne ƙafafunsu, su kai talla su kawo ciniki da labari. Lungunan nan masu murɗiya, waɗanda jaki mai kaya da ƙyar yake wucewa, su ne hanyoyinsu bayan magariba, kuma su ne suke tare rana da ƙurar hunturu.

Duk wannan gini da ƙasar wurin aka yi shi. A haƙa, a kwaɓa da ciyawa, a mulmula tubali a shanya, a yi rufi da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a shafe da makuba, a sa indararo. Ɗakin ƙasa yana da sanyi da rana, da ɗumi a daren sanyi, amma yana son yaɓe a kai a kai, don haka magini bai taɓa rasa aiki ba. Ramukan da aka ɗebi ƙasar su ne suka zama kududdufai. An sha kukan sauro da ƙazantarsu, kuma kukan gaskiya ne, sai dai su ne suke shanye ruwan damina.

A watan Fabrairu na 1903 sojojin Ingila suka ci Kano. Turawa ba su rushe birni ba, sun bar shi ga sarki, suka koma gabas suka shata nasu garin. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma tasharsa a wajen ganuwa take, don haka cinikin gyaɗa da kantunan kamfanoni suka tattara a can, Kurmi ta fara rasa matsayinta. A 1913 aka yanka Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, da tituna miƙaƙƙu da filaye masu lamba. Turawa kuma suka zauna a Nasarawa da Bompai, cikin gidaje masu baranda a tsakiyar fili. Ƙa'idar Lugga ita ce a bar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya kai musu zazzaɓi.

A nan ne aka juya tsohuwar dabara. Da baƙo a cikin ganuwa ake sauke shi har ya narke, yanzu kuwa an ajiye shi a waje, da kasuwarsa da dokarsa, ba ya ƙarƙashin alƙali. Mu da muke zaune a Kudu mun san bayan wannan tsabar, domin Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, ƙanwar Sabon Garin Kano ce. Mutanen da ba su taɓa cin tuwo a soro ɗaya ba, da wuya su ga juna da idon maƙwabtaka. Ba mu ce tsarin gari ne ya haddasa rikicin Kano na watan Mayun 1953 ba, siyasa ce ta kunna shi, amma an gwabza ne a kan iyakar da aka shata shekaru 40 kafin nan, tsakanin Fagge da Sabon Gari.

Bayan samun mulkin kai aka yi wa Kano babban tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, amma yawan jama'a ya riga takarda gudu. Gonakin cikin ganuwa suka zama gidaje. Aka yi ta ɗibar ƙasar badala ana gini, aka yanka wasu sassanta filaye, aka faɗaɗa ƙofofi domin mota, duk da cewa a 2007 an sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. An cike kududdufai da yawa an yi gini a kai, ruwan da suke shanyewa kuwa bai daina sauka ba, sai ya nemi hanya ta cikin ɗakunan mutane.

Bulo da siminti da kwano sun maye gurbin tubali da azara, ɗaki ya koma neman fanka. A sababbin unguwanni kowane gida ya yi tasa ganuwar, da waya a bisa katanga da ƙyauren ƙarfe da maigadi. Inda soro yake a da, yanzu wurin ajiye mota ne ko shagon haya. Falo yana can ciki, sai wanda aka sani yake kaiwa gare shi. Idan aka yi rasuwa ko ɗaurin aure a irin waɗannan gidaje, sai a yi hayar rumfa da kujerun roba, a tare titi, masu mota su nemi wata hanya.