Hideo Nomo: Majefin da Ya Buɗe wa Japanawa Hanyar Amurka

Wasan besbol, wanda ya samo asali daga Amurka kuma ya kafu a Japan tun ƙarni na 19, ya ta'allaƙa ne a kan arangamar mutum biyu, wato majefi, wanda ke wurga ƙwallo daga kan wani ɗan tudu, da mai bugu, wanda ke tsaye da kulki yana jiran ya make ta. Idan mai bugu ya kasa taɓa jifa uku masu kyau, to an sallame shi, kuma yawan waɗanda majefi ya sallama ta wannan hanya yana daga cikin ma'aunan gwanintarsa. A tarihin majefan Japan, babu wanda tafiyarsa ta sauya lamura kamar Hideo Nomo.

An haifi Nomo a birnin Osaka ranar 31 ga Agusta, 1968. Da ya gama sakandare babu ƙungiyar ƙwararru da ta ɗauke shi, don haka ya shiga ƙungiyar kamfanin ƙarafa na Nippon Steel da ke Sakai, kasancewar manyan kamfanonin ƙasar suna da gasarsu ta ma'aikata. A can ya goge salon jifansa da aka yi wa laƙabi da guguwa: yakan ɗaga hannuwa biyu can sama ya ɗan tsaya cik, sannan ya murɗa jiki har mai bugu ya ga lambar da ke bayan rigarsa, kafin ya warware gaba ɗaya ya saki ƙwallon. Makaminsa na biyu jifa ne da ake cusa ƙwallo tsakanin yatsu biyu a ware, sai ta taho kamar za ta wuce kai tsaye, amma dab da isa ta zube ƙasa, kulki ya sari iska.

Bayan ya taimaka wa Japan ta ci azurfa a gasar Olamfik ta Seoul a 1988, ƙungiyoyi takwas suka yi rububinsa a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1989, aka jefa ƙuri'a ta faɗa wa Kintetsu Buffaloes. Kocinta, Akira Ogi, ya yi abin da ba kasafai kociyoyin ƙasar ke yi ba, domin ya bar saurayin da salonsa. A kakar 1990 Nomo ya ci wasa 18, ya sallami masu bugu 287, ya haɗa kyautar sabon ɗan wasa mafi ƙwazo da ta gwarzon rukunin Pacific, inda ƙungiyarsa take, da kuma kyautar Sawamura, wadda ake bai wa majefin da ya fi kowa a ƙasar. Shekara huɗu a jere shi ne kan gaba a rukunin Pacific wajen yawan nasara da yawan sallama.

Zaman ya soma tsami ne a 1993, lokacin da Keishi Suzuki, tsohon shahararren majefi mai aƙidar cewa yawan jifa ne ke ƙarfafa hannu, ya karɓi ragamar ƙungiyar. A wani wasa na Yulin 1994 an bar Nomo a kan tudu har ya yi jifa 191, kusan ninki biyu na abin da ake yarje wa majefi a Amurka a yau, kuma a wannan kaka kafaɗarsa ta samu rauni. Da ya nemi kwantiragin shekaru da yawa aka hana shi, sai wakilinsa Don Nomura ya gano wata kafa a yarjejeniyar da ke tsakanin hukumomin wasan na ƙasashen biyu: ɗan wasan da ya yi ritaya da kansa a Japan ba shi da ikon komawa wata ƙungiya a cikin gida, amma babu abin da ya hana shi bugawa a Amurka. Nomo ya yi ritaya yana ɗan shekara 26. Jaridu da dama sun kira shi butulu da maci amana, hukuncin da bai yi adalci ba ga mutumin da aka tatse hannunsa shekara biyar.

A Fabrairun 1995 ya sa hannu da Los Angeles Dodgers, ya karɓi dala miliyan 2 ta shiga, amma albashinsa shi ne mafi ƙanƙanta da doka ta yarda a biya, ƙasa sosai da abin da ya bari a gida. Kafin shi, Bajapane ɗaya tak ya taɓa buga babbar gasar Amurka, wato Masanori Murakami, wanda ya yi wa San Francisco Giants wasa a 1964 da 1965. Nomo ya fito ranar 2 ga Mayu, a daidai lokacin da 'yan kallo ke fushi da yajin aikin 'yan wasa da ya hana a yi wasan ƙarshe na 1994, kuma zuwansa ya taimaka wajen mayar da jama'a filaye. Ya kammala kakar da nasara 13 da sallama 236, shi ya buɗe jifa a wasan taurari, ya kuma ci kyautar sabon ɗan wasa. A Japan kuwa, saboda bambancin lokaci, mutane kan yi cincirindo da safe a gaban manyan allunan talabijin na tituna suna kallon wanda aka gama zagi watanni kaɗan da suka wuce.

Babbar bajintarsa ta zo ne ranar 17 ga Satumba, 1996, a filin Coors da ke Denver, birnin da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, inda rashin kaurin iska ke sa ƙwallo ta yi nisa, majefa su sha wuya. An yi ruwa a daren, tudun jifa ya yi santsi, har Nomo ya jingine murɗawar nan tasa don kada ya zame, amma duk da haka ya kai ƙarshen zango tara na wasan ba tare da ko mutum ɗaya na Colorado Rockies ya samu bugu mai amfani ba.

Daga nan tauraronsa ya ɗan dusashe, aka yi masa tiyata a gwiwar hannu, ya yi ta sauya sheƙa daga New York Mets zuwa Milwaukee Brewers zuwa Detroit Tigers. Sai ga shi ranar 4 ga Afrilu, 2001, a wasansa na farko da rigar Boston Red Sox, ya maimaita waccan bajinta a kan Baltimore Orioles, ya zama majefi na huɗu a tarihi da ya yi haka a duka rukunai biyu na gasar Amurka. A wannan shekara ce wani Bajapanen, Ichiro Suzuki, ya isa Seattle ta sabon tsarin cinikin 'yan wasa da aka kafa a 1998, bayan an toshe kafar da Nomo ya bi.

Nomo ya koma Dodgers ya ci wasa 16 a 2002 da wasu 16 a 2003, kafin kafaɗar ta sake cin ƙarfinsa. Ya yi ritaya a Yulin 2008 da nasara 123 a Amurka da 78 a Japan. Tun a 2003, ganin kamfanoni na rushe ƙungiyoyinsu saboda matsin tattalin arziki, ya kafa ƙungiyar 'yan sha'awa mai ɗauke da sunansa a Sakai domin matasan da ƙwararru suka tsallake kamar yadda aka taɓa tsallake shi, kuma a 2014 aka shigar da shi zauren gwarazan besbol na Japan a shekarar farko da ya cancanta.