Yadda Ƙwallon Ƙafa Ya Shiga Zauren Malamai a Ingila

An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila a cikin shekara ta 1863, aka soma gasar kulob-kulob a 1888, amma sai da aka yi kusan shekara tamanin bayan haka kafin malaman jami'a su ɗauki wasan abin bincike. A ganinsu wannan nishaɗin leburori ne na ranar Asabar, bai cancanci alƙalamin masani ba. Su kuwa masu kulob da masu horar da 'yan wasa gani su ke wanda bai taɓa buga ƙwallo ba ba shi da abin da zai koya musu. Abin da za mu duba a nan shi ne aikin malamai uku waɗanda suka shiga tsakanin waɗannan raine-raine biyu, watau Peter Sloane da Thomas Reilly da Stefan Szymanski. Ko wannensu ya ɗauki wata magana wadda kowa ya yarda da ita ba tare da an gwada ba, ya auna ta, ya tarar ba haka ta ke ba.

Tushen nazarin tattalin arzikin wasanni a Amurka ya ke. A 1956 Simon Rottenberg na Jami'ar Chicago ya yi rubutu a kan besbol, wani wasan ƙwallo da sanda. Masu kulob a can suna da ƙa'ida mai hana ɗan wasa barinsu sai da yardarsu, suna cewa in babu ita mawadatan kulob za su kwashe gwanaye duka. Rottenberg ya kawo hujja cewa ko da ƙa'idar ko babu ita, gwani zai ƙare ne a inda ya fi jawo kuɗi, iyakar aikinta shi ne rage ladan ɗan wasa a ƙara wa mai kulob. A 1964 kuma Walter Neale ya nuna cewa wasa ya saɓa wa sauran sana'o'i: ɗan kasuwa yana murna in abokin gasarsa ya karye, amma zakaran dambe irin Joe Louis ba shi da abinci sai da abokin karawa mai ƙarfi kamar Max Schmeling. Dukansu biyu sun ɗauka cewa riba mai kulob ya ke nema.

A lokacin nan ƙwallon Ingila yana cikin sauyi. Har zuwa 1961 doka ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako. A shekarar ce ƙungiyar 'yan wasa, bisa jagorancin Jimmy Hill, ta sa aka soke ta, nan da nan Johnny Haynes na Fulham ya soma karɓar fam 100. George Eastham kuma ya yi ƙarar Newcastle United, a 1963 kotu ta yanke cewa riƙe ɗan wasa bayan yarjejeniyarsa ta ƙare tauye masa sana'a ne. Waɗannan al'amura su suka jawo hankalin Peter Sloane, masanin sha'anin ƙwadago, wanda daga baya ya zama farfesa a Aberdeen, kana a Swansea. Ya yi rubutu a kan kasuwar 'yan ƙwallo a 1969, sa'an nan a 1971 ya fitar da maƙalar da ta ɗaukaka sunansa. Da ya duba lissafin kulob-kulob sai ya ga da yawansu ba su cin riba, masu su kuwa ba su bari. Saboda haka ya ce ra'ayin Amurkawa bai dace da Ingila ba: shugaban kulob nasara ya ke nema, da cikar 'yan kallo, da girma a garinsu, muddin dai kulob bai rushe ba. Bambancin ba ƙarami ba ne, gama mai neman riba ya san inda zai tsaya da kashe kuɗi, mai neman suna kuwa sai aljihu ya tsai da shi. Abin da ya sami Leeds United a 2007 da Portsmouth a 2010, sa'ad da bashi ya sa aka karɓe ragamarsu, ya ƙarfafa maganarsa.

Thomas Reilly, mutumin Ailan, jikin ɗan wasa ya sa gaba. Ya ɗauki ɗan ƙwallo tamkar ma'aikacin da ya kamata a san nauyin aikinsa. Shi da Vaughan Thomas suka bi 'yan wasan Everton, a kan zaɓi mutum guda a bi shi da ido tun daga farkon wasa har ƙarshe, ana faɗin ko wane motsinsa a cikin rikoda, ana kimanta nisa da alamun fili. Sakamakon ya fito a 1976. Suka tarar ɗan wasa ya kan ci abin da ya haura kilomita 8 da rabi, 'yan tsakiya kusan 10, yawancinsa tafiya da sassarfa, gudun tsiya kaɗan ne, kuma abin da ya ke yi da ƙwallo a ƙafarsa bai kai kashi 2 cikin 100 na wannan nisa ba. Wannan ya nuna horon zagaya fili da gudu iri ɗaya bai yi kama da aikin da a ke yi ran wasa ba, kuma ko wane gurbi yana bukatar horonsa dabam. Reilly yana cikin waɗanda suka buɗe digirin farko na kimiyyar wasanni a Biritaniya, a kwalejin fasaha ta Liverpool a 1975, shi ne kuma ya kira babban taron duniya na farko a kan kimiyya da ƙwallon ƙafa a birnin a 1987. A 2007 shi da Jim Waterhouse sun yi rubutu a kan yadda azumin Ramadan ya ke sauya lokacin barci da na cin abinci. Ya rasu a 2009.

Stefan Szymanski ya koyar a Landan kafin ya koma Jami'ar Michigan a 2011. A littafin da suka fitar da Tim Kuypers a 1999, sun jera albashin kulob 40 na Ingila daga 1978 zuwa 1997 kusa da matsayinsu a gasa, suka ga a tsawon shekaru albashi kaɗai ya bayyana kusan kashi 90 cikin 100 na bambancin matsayin. Watau abin da a ke jingina wa dabarar mai horarwa, galibinsa na kuɗi ne. Da wannan ma'auni ya tunkari magana mafi nauyi a shekara ta 2000. Ya ce in kasuwa tana adalci, kulob biyu masu biyan albashi ɗaya ya kamata su yi kunnen doki. Amma daga 1978 zuwa 1993, kulob ɗin da suka fi sa baƙaƙen fata sun riƙa wuce matsayin da albashinsu ya kamata ya kai su. Ma'anar wannan ita ce ana sayen gwanintar baƙar fata da arha, saboda waɗansu kulob suna ƙinsa. Abin da 'yan wasa suka daɗe suna kuka da shi ana musu, ga shi lissafi ya ba da shaida.

Mai karatu zai lura cewa babu ɗayansu da ya soma da kayan aiki masu tsada. Sloane da Szymanski littattafan lissafin kulob suka karanta, Reilly kuwa rikoda ya riƙe a bakin fili. Abin da ya ba aikinsu daraja shi ne zaɓen tambaya guda wadda a ke iya aunawa, da ƙin karɓar ra'ayi don kawai manya sun faɗa, ko don ya yi aiki a wata ƙasa. Malamin da ya ke koya wa ɗalibansa hanyar bincike zai sami misali mai kyau a cikin tarihinsu, ko da kuwa fanninsa ba wasa ba ne.