Fargabar Sake Jin Rauni Tsakanin 'Yan Wasa Bayan Tiyatar Jijiyar Gwiwa

Jijiyar da likitoci ke taƙaita sunanta da ACL tana tsakiyar gwiwa ne, inda take ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri don kada na ƙwaurin ya zame gaba, kuma ta fi tsinkewa a lokacin da ɗan wasa ya yi kwana cikin gudu ko ya dira daga tsalle, sau da yawa ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A tiyata akan yanko wata jijiya daga gaban gwiwa ko bayan cinya a dasa a gurbinta, sai dai kamawar dashen ba ta ba da tabbacin komawa fili. Nazarin da Clare Ardern da abokan aikinta suka wallafa a 2014 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin sun koma wani wasa, kashi 65 sun koma matakinsu na da, amma kashi 55 ne kawai suka koma gasa. A nazarinsu na 2011 kuwa, tsoron sake jin rauni shi ne dalilin da aka fi ambata na rage wasa ko barinsa.

Ana auna wannan fargaba ta hanyoyi biyu. Ma'aunin Tampa yana auna tsoron motsi, amma an tsara shi ne don masu daɗaɗɗen ciwo, alhali ɗan wasan da ya yi wata takwas yana atisaye galibi ba ciwo ke damunsa ba, rashin amincewa da gwiwar ne. Saboda haka ma'aunin ACL-RSI, wanda Kate Webster da abokanta suka samar a Ostareliya a 2008, ya fi dacewa, domin tambayoyinsa 12 sun shafi yanayin zuciya, da amincewa da kai, da yadda mutum ke hasashen haɗari.

Tsoron ba ya tsayawa a zuci. Likitan gashin ƙashi kan gan shi a gwajin tsalle da ƙafa ɗaya, inda ɗan wasa ke ɗan jinkiri kafin ya tashi, ya dira da gwiwa a sandare, sannan ya yi hanzarin mayar da nauyinsa kan lafiyayyar ƙafar. Binciken Mark Paterno na 2018 a Amurka ya gano cewa matasan da suka fi tsoro lokacin komawa wasa sun fi sake tsinke jijiyar da aka dasa cikin shekara biyu, ko da yake ƙarancin mahalartansa yana buƙatar a yi hattara da sakamakon.

Duk da haka kuskure ne a ɗauki fargabar a matsayin ragwantaka, domin haɗarin na gaske ne. Binciken Hege Grindem na 2016 ya nuna cewa kowane wata guda da aka jinkirta komawa, har zuwa wata tara bayan tiyata, yana rage yawan sake jin rauni da kashi 51. Abin da ya fi dacewa shi ne a riƙa auna tsoron tare da ƙarfin tsokar cinya tun farkon jinya, a kuma mayar da ɗan wasan sannu a hankali ga ainihin motsin da ya ji masa rauni.