'Yan Taru da Tarbiyyar Shugabanci ga 'Yan Mata a Daular Sakkwato

Shekarun da yarinya take yi tsakanin goma sha ɗaya da goma sha huɗu, watau shekarun ƙaramar sakandare a tsarin yau, su ne lokacin da halinta yake kafuwa. A nan ne take koyon buɗe baki a gaban jama'a, ko kuwa ta koyi noƙewa har iyakar rayuwarta. Mutane da dama suna zaton ilmin boko ne ya kawo tunanin shirya yarinya domin jagoranci. Tarihin ƙasar Hausa bai goyi bayan wannan zato ba, kuma babbar hujja ita ce ƙungiyar 'Yan Taru wadda Nana Asma'u ta kafa a Sakkwato.

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cikin shekarar 1793. Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, saboda haka ƙuruciyarta ta ƙare ne cikin ƙaura da yunwa da yaƙi. Ta tashi a gidan da ake ɗaukar karatun mata wajibi, domin a cikin littafinsa Nurul Albabi Shehu ya zargi malaman da suke koyar da almajirai a waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin Sakkwato, ta kuma yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 daula ta faɗaɗa, amma ilmi bai faɗaɗa tare da ita ba. Ƙauyuka sun cika da matan da ba su san hukuncin tsarki da salla ba, bori kuma yana da ƙarfi a cikinsu. A Gobir, Inna ce shugabar bori, mace mai sarauta wadda ake jin maganarta. Matan aure kuwa ba su da halin barin gidajensu su tafi birni neman karatu. Matsalar da ke gaban Asma'u ke nan: ta yaya ilmi zai isa ɗakin da malami ba ya shiga?

Dabarar da ta yi, wajen ƙarshen zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda ya rasu a 1837, ita ce ta zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana daga ƙauye, ta naɗa ta jaji. Kalmar ta fatake ce, sunan mai jan gaban ayari. Alamar muƙamin ita ce malfa da jan rawani. Malfa kuwa tana cikin kayan sarautar Inna, watau Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani suna girmamawa, ta ɗora ta a kan mai ilmi. Jaji ita ke tara ayari daga ƙauyenta, su taka a ƙasa zuwa wurin Asma'u, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da tufafi, wadda ake rabawa ga mabukata.

Abin lura a nan shi ne waɗanda suke cikin ayarin. Kashi biyu ne: mata masu shekaru waɗanda suka gama haihuwa, da 'yan mata waɗanda ba su kai aure ba. Waɗannan yara su ne sa'o'in 'yan ƙaramar sakandare na yau, kuma ba rakiya kaɗai suke yi ba. Suna haddace waƙoƙin da Asma'u ta tsara a kan tauhidi da ibada da tarihin Annabi da kyawawan halaye, sa'an nan su koma gida su isar da su ga iyayensu mata da yayyensu da ke cikin kulle.

Idan aka duba wannan tsari da kyau za a ga abubuwa uku da ke gina shugaba. Na farko, an ba yarinya ilmin da wasu suke jira daga bakinta, saboda haka maganarta ta sami daraja a gaban manya. Na biyu, an ɗora mata amana daidai ƙarfinta, wadda in ta yi sakaci kowa zai gani, domin baitin da aka karkace ba ya ɓoyuwa ga wadda ta san shi. Na uku, tana tafiya a bayan macen da ke shugabanci a zahiri. Tana ganin yadda jaji take tsara zango, da sasanta masu saɓani, da tsare dukiyar da ba tata ba. Gani ya kori ji. Shaidar ƙarfin tsarin ita ce bai mutu da mai shi ba: da Asma'u ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da shi, bayanta kuma Tamodi.

Turawa sun ci Sakkwato a 1903, suka zo da nasu tsari. Makarantun midil da Kwalejin Katsina sun horar da yara maza domin aikin En'e da koyarwa da mulki. Makarantun 'yan mata da aka buɗe a Kano da Katsina a 1930 kuwa sun fi ba da ƙarfi ga ɗinki da tsabta da renon yara. Darussa ne masu amfani, amma ba a nufi mai koyonsu da jan ragamar kowa ba. Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, wadda ita ma tun tana 'yar shekara goma sha bakwai ta shiga NEPU a Zariya.

Darasin da ke cikin wannan tarihi ga malamin makaranta da ma'aikacin ilmi a fili yake. Shugabanci ba ya shiga kan yarinya ta hanyar lacca ko taron yini ɗaya. Idan a makarantar da ke haɗe da maza da mata kullum namiji ne monita, yarinya kuwa shara da ɗebo ruwa ne rabonta, to an riga an koya mata matsayinta ba tare da an furta ba. A ba ta riƙon kuɗin ƙungiya ta kawo lissafi, a sa ta koyar da na ƙasa da ita, a tsayar da ita a muhawara, a kuma tabbata akwai malama ko shugabar makaranta da za ta ɗaga kai ta gani. Asma'u ba ta da ginin aji ko kasafin kuɗi. Abin da ta yi shi ne ta amince wa yarinya da saƙo, ta haɗa ta da jagora, ta kuma jira ta dawo da bayani.