Farin Murjani a Tankin Kifi: Tarihin Adon Da Aka Yi Da Ƙwarangwal

Idan ka duba hotunan tankunan kifin ruwan gishiri na Amurka da Turai a shekarun 1960 da 1970, abu guda za ka yi ta gani: rassan murjani farare fat, kifaye na zagaya su. Gwanin kyau, amma duk matattu ne. Murjani dai dabba ce, taron ƙananan halittu masu gina wa kansu gida da sinadarin kalsiyam kabonet, irin wanda ke cikin ɓawon ƙwai. Idan sun mutu, gidan ne ke saura. Ba jan murjanin Bahar Rum da ake yin abin wuya da shi nake nufi ba, wannan na ruwan zafi ne mai gina tsaunuka a ƙarƙashin teku.

Me ya sa aka rungumi matacce? Saboda mai rai ya gagara. Akwai wata gansakuka a cikin tsokar murjani wadda ke haɗa masa abinci da haske, fitilun wancan zamani kuwa ba su da ƙarfin da take buƙata. Ga shi kuma ana yi wa kifi magani da sinadarin jan ƙarfe, wanda guba ne ga murjani.

To, sai aka shiga wata irin hidima. Da zarar ƙwarangwal ɗin ya fara yin kore, sai a ciro shi, a jiƙa a bilic, a shanya, a mayar. Mai tanki yana ganin tsafta ya yi. Alhali duk wanki yana kashe bakteriyar da ta zauna a ramukan ƙwarangwal ɗin, wadda ita ce ke sarrafa amoniyar da kifi ke fitarwa. A ganina wannan ne babban kuskuren zamanin: an ɗauki fari a matsayin lafiya.

Teku ta biya nata kuɗin. Ba gawa ake tsinta ba, mai rai ake karyowa, a busar, a yi safararsa, musamman daga Filifin. Ƙasar ta hana fitar da shi a 1977. Yarjejeniyar CITES ta fara sa ido kan wasu nau'o'i a 1985, ta haɗa dukan murjani masu tauri a 1990, kuma dokar ta shafi ƙwarangwal.

Tun a 1961 Lee Chin Eng na Indonesiya ya rubuta cewa a sa duwatsu masu rai daga teku, a bar halittu su tace ruwan. Da yawa ba su kula shi ba. Sai da masu kiwo a Balin suka haɗa wannan dabara da fitilu masu ƙarfi, har Dietrich Stüber ya raya Acropora a tankinsa a shekarun 1980, sannan ra'ayi ya juya.

Yau wanda ya ga murjaninsa ya yi fari hankalinsa tashi yake. Duk da haka ba a yar da ƙwarangwal ba. Ana wanke shi, a jiƙa makonni a ruwan gishiri har ragowar tsoka ta ruɓe ta fita, sannan a manna ɗan yankin mai rai a kansa. Wanda ya taɓa zama a tankin da aka zuba jan ƙarfe ne ake gudu, domin yakan tsotsi sinadarin, ya riƙa sakinsa a hankali.